Godiyar da Kawu Lawali Ya Riƙe

Shekarar da Faransa ta ajiye faranka ta ɗauki yuro, lokacin da za ka ga tsofaffin Turawa sun buɗe tafin hannu gaban mai burodi don ya zaɓi kuɗinsa da kansa, a shekarar na sauka Paris. Wanda ya tarbe ni shi ne wan mahaifiyata, Kawu Lawali, Allah ya jiƙansa. Ku da kuka daɗe a unguwarmu ta Stains kun san shi. Ba sai na kwatanta muku doguwar rigar sanyin nan mai ruwan toka da yake ɗorawa kan babbar riga ba, ko hular da ba ta taɓa zama daidai a kansa ba. Amma yaranmu da suka zo karatu daga baya sun ga manya suna dariya har da share ƙwalla ranar sadakarsa, suka ce, Malam Sani, rubuta mana. To ga shi. Da ajami na fara, don hannuna ya fi sakewa da shi, sannan na mayar da boko a hankali.

Washegarin zuwana ya ce in taso ya nuna mini gari. Ni duk zatona wurin doguwar hasumiyar ƙarfen nan da ake bugawa a kalanda za mu. Muna cikin tafiya a wata tsohuwar unguwa sai na ga ya tsaya cik gaban wani akwatin gidan waya, irin rawayan nan da ake mannawa a bango don jefa wasiƙu. Ya gyara tsayuwa ya ce:

"Ina kwana? Ina gajiya? Yaya sanyi?"

Na waiga dama, na waiga hagu. Ba kowa. Sai ya ƙwanƙwasa akwatin da zoben ƙarfen da ke yatsarsa, ya kara kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraren kiran salla daga nesa. Can ya buɗe ido ya ce:

"Namu ne."

"Namu kamar yaya, Kawu?"

"Ni na zuba shi. Gaishe shi."

"Kawu, akwati ne fa."

"Kai ma jiya da na ɗauko ka daga filin jirgi ba ka fi akwati magana ba, amma na gaishe ka."

Ashe wata tsohuwar Baturiya na tsaye bayanmu da ambulan a hannu, tana jira mu kauce. Ta ce, "Pardon, monsieur." Kawu ya miƙa hannu biyu ya karɓi wasiƙar kamar mai karɓar jariri, ya yi bisimilla, ya jefa mata. Ya ce da Hausa, "Je ki gida, Madam, ki kwantar da hankalinki, wannan ba ya ɓatar da saƙo." Ta tafi tana waiwayenmu har ta sha kwana. Ranar ban ga hasumiya ba. Akwatuna na gani.

Haka ya rayu. Akwatin da ya ƙwanƙwasa ya ji amsa mai nauyi, wannan nasu ne. Wanda ya yi ƙara irin ta gwangwanin kifi, sai ya taɓe baki ya ce, "Ɗan zamani. Ba uwa ba uba." Akwai wani tsohon akwati da muka tarar a bangon wata tasha, an yi masa fenti bisa fenti har rubutunsa ya kumbura. Kawu ya rantse yana tune da safiyar da suka zuba shi. Na duba da kyau na ga shekarar da aka ƙera shi a jiki, na ce, "Kawu, wannan ya girme ka." Ko kallon rubutun bai yi ba. Ya ce, "Mai fenti ne ya yi kuskure."

Abin yana da asali. Dangin mahaifiyata maƙera ne a Birni, cikin Damagaram, tun kaka da kakanni. Mahaifina kuwa malami ne, shi ya sa ni na tashi da alƙalami ba da masaba ba. A gidan su mahaifiyata akwai labari guda da ake ji da shi. Wai zamanin Turawa ƙarfen da ke riƙe da murfin akwatin wasiƙu na gidan waya ya karye, aka aiko aka kira kakansu, Maƙeri Tanko, ya gyara. A bakin mahaifiyata iyakar labarin ke nan, aka ba shi kwalin sukari ya dawo gida. A bakin Kawu kuwa labarin ƙiba yake yi kowace shekara. Lokacin da na zo, Maƙeri Tanko ya riga ya ƙera akwatin gaba ɗaya. Kafin in yi aure, har Baturen ya cire hula ya sara masa. A ƙarshen rayuwar Kawu, wasiƙar farko da ta taɓa fita daga Damagaram zuwa Faransa ta hannun kakanmu ta bi. Ya kan ce, "Mu da gidan waya tsohuwar amana ce."

Don haka da ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya samu aiki a wata izin, wato masana'anta, ta narka ƙarfe a bayan garin Lyon, bai ɗauki abin a matsayin neman abinci kawai ba. In yana ba da labarin wurin, muryarsa har sauka take yi. Wai da asubar hunturu za ka fito ƙanƙara ta rufe gari fari fat, ka tura ƙofar izin, sai ka tarar da rana a ciki tana tafasa a tukunya. Ƙarfe na kwarara kamar kunu mai haske, tartsatsi na tashi har rufi suna saukowa a hankali, ƙasar zubi kuma tana wani ƙamshi irin na ruwan farko. Ya ce a maƙerar gidansu ƙarfe duka yake sha kafin ya ji magana, amma a can lallashinsa ake yi ya kwanta da kansa. Kafin ya kai nan, shayi ya huce ba mu sani ba.

Abin da ba ya faɗi shi ne, akwatunan nan aikin ɗan lokaci ne aka ba izin ɗinsu. Ainihin sana'arsu shekara da shekaru ita ce zuba murafun ramukan ƙazanta, baƙaƙen faifan ƙarfen nan da kuke takawa a kan titi. Waɗannan Kawu bai taɓa gaishe su ba. In ya zo kan ɗaya sai ya ɗaga kai yana kallon sama.

Wanda ya tona mini wannan shi ne Alhaji Hamidu, mutumin Tawa, abokin aikinsa a izin. A nan maganar take, don tsakanin mutanen nan biyu akwai wani bashi da ba na kuɗi ba, wanda duk wanda ya san su ya san da shi.

Narkakken ƙarfe mutum biyu ke ɗaukarsa, a tukunya mai dogayen hannuwa, ɗaya gaba ɗaya baya, daga bakin tanderu zuwa wurin zubi. Dole ƙafarsu ta zo ɗaya, numfashinsu ya zo ɗaya. Kawu da Hamidu su ke ɗauka tare, ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. Wata rana, a cikin lokacin aikin akwatunan nan, ƙafar Kawu ta harɗe da wata sarƙa, tukunya ta karkata ta nufo shi. Hamidu ya saki nasa hannun ya banke shi gefe. Ƙarfen ya sauka a kan ƙafar Hamidu ta hagu, ya ci takalmi ya ci abin da ke cikin takalmi. Ya daɗe kwance a gidan likita, ya fito da ɗingishin da ya tafi da shi kabari.

Kawu bai yi fashin zuwa duba shi ba. Ya dafa ya kai, ya wanke masa tufa, ya yi masa aski. Abu ɗaya ne ya ƙi. Ya ƙi cewa na gode.

Ku da ba ku tashi gidan maƙera ba sai na yi muku bayani. Maƙeri na gado ya yarda wuta ƴar gidansu ce, ba ta cinsa. Da Salla a Damagaram suna fita wasa da jan ƙarfe, su goga a hannu, su lasa da harshe, jama'a na guɗa. Kawu tun yana yaro aka ba shi abin da ake ba su ya sha. To in ya gode wa Hamidu, ya amsa ke nan cewa da wutar ta same shi da ta ƙone shi. In ya amsa haka, ya ƙaryata mahaifinsa, ya ƙaryata Maƙeri Tanko, ya ƙaryata unguwa guda. Abin da ya faɗa wa mutumin da ke kwance da ƙafa a naɗe shi ne:

"Ai da ka bar ta. Da ta zo ta shinshina ni ta wuce."

Hamidu ya ce bai taɓa jin zafin ƙafarsa ba sai ranar.

Izin ta rufe, Kawu ya dawo Paris ya kama aikin dako a kasuwar Rungis, Hamidu ya zauna Lyon ya buɗe ƴar butik ta sayar da kaya. Ba su yi gaba ba, don dukansu masu tsoron Allah ne. Amma ba wanda ya ƙara taka gidan wani. Abin da ya rage shi ne wayar Salla. Kowace Salla, bayan an sauko idi, wayar gidan Kawu za ta yi ƙara, Inna Zule matarsa ta ce, "Ga mutumin naka." Ni na sha zama ina ji, don Kawu a kan lasifika yake sakawa saboda kunnensa.

"Lawali, barka da Salla."

"Barka kadai, Hamidu. Ina iyali?"

"Lahiya lau. Ina Zule?"

"Lafiya lau. Ina ƙafa?"

"Tana nan. Tana gaishe ka. Ta ce ko akwai saƙo."

"Ka ce mata Allah ya ƙara sauƙi."

"Shi ke nan?"

"Da me kuma?"

"To, Sarkin Murafun Masai, sai wata Sallar."

"Akwatuna! Akwatuna muka zuba!"

Kafin ya rufe baki an ajiye waya.

Na yi masa nasiha ba sau ɗaya ba. Na ce, Kawu, wuta halittar Allah ce, ba ta san ɗan kowa ba, in ban da annabin da aka jefa cikinta Allah ya ce ta yi masa sanyi. Na ce wanda bai gode wa mutane ba, godiyarsa ga Allah da sauranta. Yana saurare yana gyaɗa kai har in gama, sannan ya ce:

"Malam, ka yi gaskiya ta fannin ubanka. Amma kai rabin maƙeri ne. In ka faɗa wuta, rabinka za ta ci ta bar rabi."

Waɗanda suka je gashin naman Layya a filin nan na bayan manyan gidaje ba za su manta ba. Wayar gashi ta karkata, nama zai zube, matasa na neman tsumma. Kawu ya ce, "Ku kauce, ƴan lakwal, ƴan boko." Ya sa hannu tsirara ya ɗauki wayar nan da ta yi ja, ya gyara mata zama, bai yi gaggawa ba. Aka yi ta kabbara. Sai ya cusa hannun a aljihun rigar sanyi ya koma gefe ya tsaya ƙiƙam, hawaye na bin kumatunsa.

"Kawu, lafiya?"

"Hayaƙi ne."

Iska kuwa can wani gefen take kai hayaƙin. Mako guda da cokali ya ci tuwo, da hannun hagu, yana neman gafarar Allah a kowace loma. Inna Zule ta tambaye shi ina hannun dama, ya ce yana hutawa.

Kun san tsimin Kawu. Ganyen shayi sai ya dafa shi har ya koma fari. Tikitin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a wurinsa almubazzaranci ne, ƙafa ai ba a biyan ta. Amma tambur, kan sarkin wasiƙa, wannan bai taɓa yi masa tsada ba. Ni ke rubuta masa wasiƙu zuwa gida da ajami, don ƙanwarsa, mahaifiyata, shi take karantawa. Adireshi a bayan ambulan kuwa da boko nake sa shi, yadda ma'aikata za su gane. Wata rana ya dafe ambulan ɗin ya ce:

"Yau har bayan ma da ajami."

"Kawu, Bature ne zai karanta."

"A namu zan jefa. Namu ya san hanyar Damagaram."

Na rubuta. Sunan mahaifiyata, Birni, kusa da maƙera, da wasali da komai. Ko adireshinmu na nan bai yarda na sa ba, wai kada a ce muna shakka. Muka yi tafiya mai nisa a ƙasa, muka wuce akwatuna da yawa da ya kira gwangwani, har muka kai wani nasu. Ya jefa, ya shafa masa kai.

Wasiƙar ba ta isa ba. Duk lokacin da aka yi waya da gida sai ya tambaya, a ce shiru. Shekara ta juyo na ce, Kawu, ta ɓata fa. Ya dube ni da tausayi.

"Ba ta ɓata ba. Tana hanya."

Wallahi har ni ya sa na fara ganin ta. In ina zaune a masallaci bayan la'asar sai in tuna da ita, ƴar farar ambulan da rubutuna a baya, a cikin wani buhu a wani gari mai teku, ko a aljihun wani ma'aikaci da ya ga rubutun ya yi masa kyau ya kasa jefarwa. Mahaifiyata ta rasu tana tsokanarsa da ita. Ranar da muka zauna karɓar gaisuwa ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Yanzu in ta isa wa zai karanta?"

Sannan zamani ya juya, kowa ya koma aika murya ta salula, aka fara cire akwatunan titi ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ji a wurin mai kawo wasiƙun unguwa cewa wanda ba a jefa masa komai shi ake fara cirewa. A kusa da mu saura ɗaya tak da ya yarda nasu ne, a bangon wani tsohon kantin magani. Mutumin da ke dafa ganyen shayi har ya yi fari sai ga shi yana sayen tambur da yawa. Ya bi gidajen ƴan uwa yana cewa gaisuwar Salla ta salula ba ta da lada, a rubuta a takarda. Da ya ga ba a kula shi, sai ya fara aika wa kansa. Ya sa farar takarda a ambulan, in rubuta sunansa a baya, ya taka ya jefa, bayan kwana biyu a kawo masa gida. Inna Zule ta ɗauko ta miƙa masa.

"Maigida, an yi maka wasiƙa. Daga wa?"

Ya juya ta, ya duba tambur, ya buɗe a tsanake.

"Wani mutumin kirki ne."

"Me ya ce?"

"Bai cika surutu ba. Ba kamar wasu ba."

Duk da haka aka cire akwatin. Wata safiya muka zo muka tarar da ramukan ƙusa da wani fili mai kusurwa huɗu a bango, wanda fentinsa ya fi na kewaye haske. Kawu ya daɗe tsaye. Na ɗauka zai yi faɗa, ya ce a kai shi wurin magajin gari. Bai yi ba. Ya ce, "Ko sallama ba su bari mun yi ba." Daga ranar ya rage fita, ya rage labari, Maƙeri Tanko ma ya daina ƙiba.

Ana cikin haka, ba Salla ba komai ba, waya ta yi ƙara. Hajiya Mariyama ce, matar Alhaji Hamidu. Ta ce jikin Alhaji ya yi nauyi, likita sun sallamo shi gida, sun ce a ci gaba da addu'a. Ta ce shi bai ce a kira kowa ba, ita ce ta ga ya dace. Kawu ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ajiye. Ya zauna yana juya zoben hannunsa. Inna Zule ta kalle ni, na kalle ta, muka ƙyale shi, don mun san in aka tura shi gaba baya yake yi. Sai da aka yi sallar la'asar ya ce:

"Malam, gobe za ka raka ni Lyon. Akwai wani akwati da nake so in duba."

Ya sayi tikitin jirgin ƙasa mai gudu bai yi ciniki ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai. A hanya goshinsa na jingine da gilashi, gonaki da ƙauyuka da shanu farare suna wucewa kamar ana janye su da igiya. Da muka sauka ya ce mu fara biyawa ta izin. Muka tarar da dogayen gidaje da babban kanti da wurin ajiye motoci. Ya tsaya a tsakiyar motocin ya nuna ƙasa da sandarsa.

"Nan tanderu yake."

Wata mata ta danna masa oda. Ya matsa, ya nuna gaba kaɗan, ya ce, "Nan kuma…" Bai ƙarasa ba.

Mun sami Alhaji Hamidu a kujera kusa da taga, an lulluɓe shi da bargo, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Aka yi gaisuwa irin ta manya, doguwa, ba wanda ya kalli idon wani. Aka gaishe da iyali, aka gaishe da gajiya, aka gaishe da sanyi, aka koma kan iyali. Da gaisuwa ta ƙare, Alhaji ya ce:

"Mi ya kawo ka garinmu?"

"Wani akwati na zo dubawa. Na bakin gada."

"An cire shi tun bara."

"To."

Ana nan har azahar ta yi. Hajiya Mariyama ta shigo da buta da roba, don Alhaji ya daina iya sunkuyawa, ita ke wanke masa ƙafa in zai yi alwala. Ya wanke hannu da fuska da kansa, a hankali. Da aka zo kan ƙafa, Kawu ya miƙe ya ce, "Kawo butar nan, Hajiya." Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara har Alhaji ya ce a yi a hankali kada a fasa masa tayil. Ya wanke ta dama. Sannan ya zare safar hagu.

Ni ban taɓa ganin ƙafar ba. Ashe shi ma tun da aka kwance bandeji bai yarda ya kalla ba. Rabin yatsun babu, fatar ta tattare tana sheƙi kamar an narka kyandir a kai. Kawu ya riƙe ta a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Sai ya ajiye buta, ya zauna daɓas a ƙasa, ya naɗe ƙafar wandonsa har sama da gwiwa. A bayan cinyarsa akwai tabo, faɗin tafin hannu, tsoho, ya lotsa ciki.

"Hamidu," ya ce. "Ta ci ni. Ranar nan. Ɗan abin da ya fantsamo ne kawai, amma ta ci ni."

Alhaji ya leƙo ya duba, ya koma ya jingina.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ina kwance ina ihu ina jin naka ihun. Wallahi ka hi ni ƙara."

"To me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"In tona ma asiri gaban mutane? Ɗan maƙera guda? Bakinka nika jira, ba nawa ba."

Kawu ya sauke wandonsa, ya gyara hula, ta ƙara karkacewa. Ya sake ɗaukar ƙafar nan da hannu biyu. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa.

"Na gode, Hamidu."

Alhaji ya rufe ido. Na ɗauka kuka zai yi. Sai ya ɗaga murya iya ƙarfin da ya rage masa:

"Mariyama! Taho ki ji abin da ban zaci ji ba a duniya! Malam Sani, kai shaida ne. Lawali, sake hwaɗi, ba ta nan."

"Ba zan sake ba."

"Haba, don Allah."

"Sau ɗaya ka ture ni."

Dariya ta kama Alhaji har ta koma tari, Hajiya ta shigo da gudu tana salati, ta tarar da tsofaffi biyu suna dariya suna share ido, ruwa ya malale a tayil. Sannan Kawu ya zuba ruwa ya wanke ƙafar, a hankali, yana bin kowane lungu na tabon da yatsa, har wuraren da babu yatsun ya tsettsefe. Ya goge ta da gefen babbar rigarsa ya mayar da safa. Na ja su salla, Alhaji a kujera, Kawu a gefensa, kafaɗa na taɓa kafaɗa.

Alhaji Hamidu bai ga ƙarshen hunturun nan ba. Kawu ya bi shi kafin wata Layyar, cikin barcin rana, ba ciwo ba wahala.

Ya Allah, ga bayinka biyu, Lawali da Hamidu. Sun yi tsufa a ƙasar da ba tasu ba, sun riƙe salla, sun rabu ba wanda ke bin wani. Ka yafe musu taurin kai, ka yafe mana dariyar da muka yi musu. Wutar duniya ta taɓa su duka biyun, ka haramta wa ta lahira jikinsu. Amin.